An ce mini ciki ne ya kwanta, eko kuma ya nuna ƙari a mahaifa

Wasiƙar wannan makon daga Tawa ta zo, kuma na taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba:

"Assalamu alaikum, Tanti. Shekaruna 34, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Tawa. Ɗiyata guda ce, shekararta 8, kuma tun da na yaye ta ban sake yin ko ɓatan wata ba. Shekara biyu ke nan al'adata ta rikice. Da kwana 5 nake yi, yanzu sai in kai 11 ko 12, jini na zuba da gudaji, auduga ba ta riƙe ni sai na haɗa da tsumma, har na daina sa kaya masu haske zuwa aji. Marata ta taso ta yi tauri kamar mai cikin wata huɗu. Uwar mijina ta ce ciki ne ya kwanta, tana aiko mini da rubutu da saiwoyi don ya tashi. Ƙawayena sun ce sanyi ne ya yi mini yawa, domin ina fama da farin ruwa da ƙaiƙayi. Na sha kafso iri-iri, na yi zaman bagaruwa, na yi matsi, abin yana tafiya yana dawowa. Wata bakwai da suka wuce na yi eko, wato hoton ciki, likita ya ce fiborom ne guda uku, ya kuma ambaci aiki. Ban koma ba, domin maƙwabciyata da aka yi wa aiki an cire mata mahaifa gaba ɗaya. Maigidana yana Abijan, sau ɗaya yake zuwa a shekara ya yi wata biyu ko uku, kuma danginsa sun fara maganar ya ƙara aure. Akwai wata mai magani a WhatsApp da ta ce in ba ta jika 45 ta aiko mini da wanda zai narkar da ƙarin cikin kwana 40. In saya? Kuma yaya zan yi da salla? Abin kunya ma, Tanti, na koma cin farar ƙasa kamar mai ciki, kuma ko sharar tsakar gida na yi sai na zauna ina haki."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki kina jin kunyarsa, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali, fiye da ƙarin, fiye da maganar kishiya. Kwaɗayin farar ƙasa ga macen da ba ta da ciki, tare da haki a kan aikin da bai taka kara ya karya ba, alama ce ta cewa jininki ya yi ƙasa kuma sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi ya ƙare. Wasu matan ƙanƙara suke tauna, wasu ɗanyar shinkafa, wasu ma ƙanshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ne ke jan su. Babu abin kunya a ciki, jiki ne yake kuka da irin muryar da ya iya. Sai dai farar ƙasar ba ta ƙara jini, hasali ma tana hana hanji tsotsar ɗan ƙarfen da ke cikin abinci, don haka mai cinta tana ƙara zurfafa ramin da take ciki.

Jinin da mace mai lafiya ke zubarwa a al'ada guda, tun daga ranar farko har ta ƙarshe, yawanci mililita 30 zuwa 40 ne, wato bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Idan ya haura mililita 80, ko kwanakin suka wuce 7, ko mace tana sauya auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko tana tashi cikin dare don ta jiƙe, ko gudaji manya suna fita, to likitoci sun ƙidaya shi a matsayin zubar jini mai yawa. Ke kusan duka kin haɗa su, kuma wata 24 a jere. Saboda haka a cikin makon nan, kafin ki yanke shawara a kan komai, ki je a auna miki ƙarfin jini. Awo ne na 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, idan awonta ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini, tana da ƙarancin jini, idan kuwa ya gaza 8 abin ya yi tsanani. Ki karɓi takardar a hannunki, ki san lambar da kanki, kada ki wadatu da a ce miki "jininki ya ɗan yi ƙasa".

Za a rubuta miki ƙwayoyin ƙarin jini, irin waɗanda ake ba masu awon ciki. Sukan mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci su taurara ciki, kuma wannan ne ke sa mata da yawa su watsar da su bayan mako guda. Kada ki watsar. Akan ci gaba da shan su har wata uku bayan awo ya daidaita, domin rumbun jiki ya sake cika. Na san Tawa da shayi, kuma ba zan ce ki rabu da shi ba, amma ki raba shi da lokacin cin abinci da na shan ƙwayar da kamar awa biyu, saboda ganyen shayi yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jini. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna taimakawa, musamman idan an matsa lemun tsami a kai ko an bi su da gwaba ko mangwaro. Amma in gaya miki gaskiya, tulun da ke yoyo ba a cika shi da ɗebo. Abinci da ƙwaya ba za su riski abin da kike zubarwa kowane wata ba, sai an tare wurin yoyon.

Wannan ya kawo mu ga ƙarin. Fiborom tsiro ne na naman mahaifar kanta. Jikin mahaifa tsoka ce, sai wani ɓangare nata ya riƙa girma yana dunƙulewa, ya zama curi mai tauri, daga girman ƙwayar gujiya har zuwa girman kankana. Sinadaran jikin mace da ke tafiyar da al'ada su ne abincinsa, shi ya sa ba a ganinsa ga yarinyar da ba ta balaga ba, kuma yakan motse da kansa bayan mace ta daina haila. Ya fi yawa ga baƙar fata, yana kuma kama mu da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun taɓa samunsa, fararen kuma kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba, domin ba ya damun su. Ba ciwon daji ba ne, kuma curin da ake zaton fiborom ne daga baya ya zamana sankara bai cika faruwa ba. Ba a ɗaukarsa wurin miji ko a ban-ɗaki, ba kuma jifa ba ne.

Maganar uwar mijinki ba ta mugunta ba ce, kuma kada ki ɗauke ta haka. Tsohuwa ta ga mara ta taso, ta ga shekaru sun ja ba goyo, sai ta fassara abin da mafi alherin fassarar da ta sani, wato jikanta yana nan, barci kawai yake yi. A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa na sha ganin matan da suka zo da "ciki" na shekara biyu ko uku, wata har da kayan jariri a ƙulle cikin kwalla. Duk wadda aka ɗora wa na'ura, ko dai fiborom ne, ko ƙari a ma'ajiyar ƙwai, ko ruwa ne ya taru, ko kuma ciki ne da ya lalace bai fita ba. Ɗan tayi mai rai ba ya tsayawa da girma ya jira, kuma eko yana ganin bugun zuciyarsa tun yana da kamar mako 6 ko 7. An riga an duba ki, gani kuwa ya kori ji. Rubutu addu'a ce, ba ni da ja a kansa. Saiwoyin ne nake roƙon ki ajiye, domin ba ki san abin da ke cikinsu ba, kuma wasu daga cikin irin waɗanda ake bayarwa don "tayar da ciki" suna murɗa mahaifa su ƙara zubar jini, wasu kuma suna gajiyar da ƙoda da hanta.

Game da mai maganin WhatsApp, amsata a'a ce, kada ki saya. Har yau babu wani tsimi, gari ko sassaƙe da aka tabbatar yana narkar da fiborom. Na san yadda kasuwar take tafiya, domin na ga ƙarshenta da idona. An taɓa kawo mana wata mata da ta yi wata biyar tana shan irin wannan haɗin. Ta zo da kwalba a cikin leda, ta buɗe mana da alfahari, ta ce ga ƙarin nan yana fita gunduwa-gunduwa kamar yadda mai maganin ta faɗa. Gudajin jini ne kawai, baƙaƙe kamar hanta. Tafin hannunta ya yi fari fat, cikin fatar idonta kamar takarda, kuma da aka sake eko ƙarin yana nan daram, har ya ɗan ƙaru. Sai da aka ƙara mata leda uku ta jini kafin a iya taɓa ta. Mai magani ta san cewa mai fiborom dole ta ga gudaji, don haka tun kafin ki sha ta riga ta gaya miki cewa idan kin gan su magani ne ke aiki. Jika 45 ɗin nan za su fi miki amfani a wurin awon jini, sabon eko da maganin farmasi.

Magungunan asibiti ma, kada in ruɗe ki, ba sa kawar da ƙarin, amma suna iya tare jinin. Akwai ƙwayar tiranezamik, wadda a farmasinmu aka fi sani da Exacyl. Ana shan ta ne a kwanakin da jini ya fi zuba kawai, tana rage shi sosai, kuma ba ta hana ɗaukar ciki, abin da ya sa ta dace da mai neman haihuwa irinki. Likita ne zai rubuta ta, domin ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Ibuprofen yana rage ciwon mara ya kuma ɗan rage jinin, in dai ba ki da gyambon ciki. Asfirin kuwa ki guje shi, shi da magungunan ciwon kai na masu talla da ake haɗawa da shi, domin yana tsinka jini. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da robar mahaifa mai ɗauke da sinadari suna rage jini ƙwarai, sai dai muddin ana amfani da su ba za a yi ciki ba. Akwai kuma wata allura da ke dakatar da al'ada na ɗan lokaci, ƙarin ya motse har kusan rabi cikin wata uku, amma tana da tsada, ba a wuce wata shida ana yin ta saboda tana rage ƙarfin ƙashi, kuma da an daina ƙarin yake komawa yadda yake. Amfaninta shi ne a huta da zubar jini a shirya mace kafin aiki.

To, aikin da kika gudu saboda shi. Kalmar "aiki" guda ce a bakinmu, amma tiyata biyu ce daban. A ɗaya ana buɗe mahaifa a ɓare ƙarin ɗaya bayan ɗaya, a ɗinke ta, a bar wa mace abarta, al'adarta ta ci gaba, kuma tana iya ɗaukar ciki. A ɗayar ana cire mahaifar dungum. Ta biyun akan zaɓe ta ne ga wadda ta gama haihuwa, ko wadda ta kusa daina haila, ko wadda ƙari ya cinye mahaifarta har ba abin da za a ɗinke. Ban san shekarun maƙwabciyarki ba, ban kuma san abin da aka tarar a cikinta ba, amma ke mai shekara 34 da ɗiya guda, likitan mata ba zai fara da tunanin raba ki da mahaifarki ba. Abin da ke kusantar da mace ga cirewa shi ne jinkiri, domin ƙari uku masu matsakaicin girma sun fi sauƙin ɓarewa a kan goma da suka kai cibiya. Wata bakwai da kika yi a gida ba su nisanta ki da wuƙa ba.

Zan kuma gaya miki abin da ba daɗi, don kada ki ji shi a bakin wani ki ce na ɓoye. Aikin ɓare fiborom yana zubar da jini, kuma a wasu lokuta ƙalilan jinin kan ƙi tsayawa har likita ya cire mahaifar don ya ceci rai, shi ya sa ake sa wannan a takardar da za ki sa wa hannu. Maganin wannan haɗarin shi ne ki shiga ɗakin aiki da jini mai ƙarfi, da 'yan uwa biyu ko uku da aka riga aka auna suka ba da jini aka ajiye, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarin yana iya sake tsirowa bayan shekaru. Bayan aiki za a ce ki dakata da ɗaukar ciki na wasu watanni har ɗinkin ya warke, kuma idan an shiga mahaifar da zurfi, haihuwar da za ta biyo baya ta tiyata ce, a asibiti, ba a gida ba.

Mai yiwuwa ma aikin naki bai kai yadda kike tsoro ba, domin a fiborom mazauni ya fi girma muhimmanci. Wanda ya tsiro ta wajen mahaifa yana iya girma ya danne mafitsara ya sa yawan fitsari, amma bai cika taɓa jini ko haihuwa ba. Wanda ke cikin kaurin tsokar yana tsaka-tsaki. Wanda kuwa ya leƙo cikin ɗakin mahaifa, inda ɗan tayi ke kwanciya, ko da bai fi goro ba shi ne mai ambaliyar jini, shi ne kuma mai hana ciki zama ko jawo ɓari. Yawan jinin da kika kwatanta ya sa ina zargin ɗaya daga cikin ukun irin wannan ne, amma zargi ne daga nesa. Ki ɗauko tsohuwar takardar eko, ki je Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Tawa, wadda aka fi sani da CSME, ki nemi ganin likitan mata a sake dubawa a gwada da ta farko. Ki tambaye shi santimita nawa ne kowanne, a ina yake zaune, wanne ne ke jawo jinin, wane aikin yake nufi a cikin biyun, kuma me zai faru idan an jira wata shida ana shan magani. Ke malama ce, ki rubuta tambayoyin a takarda kamar yadda kike shirya darasi, domin a gaban likita kan mutum yakan ɗaure. Idan sun ga abin ya fi ƙarfin kayan aikin da ke hannunsu, su ne za su ba ki takarda zuwa Matarnite Isaka Gazobi a nan Yamai.

Sai maganar haihuwa, kuma a nan ina so ki yi lissafi tare da ni. Kina ƙirga shekara shida tun daga yaye, dangin miji ma haka suke ƙirgawa. Amma maigidanki wata biyu ko uku yake yi a gida a shekara, kuma a kowane wata kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki ba su wuce shida ba, ƙwai kuma yakan fita ne kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Idan aka tara, zaman da kuka yi tare bai wuce wata 12 zuwa 18 ba, kuma a shekaru biyun ƙarshe kusan rabin kowane wata kina cikin jini. Wannan matsala ce da na sha gani ga matan Adar da mazajensu ke ci-rani a Abijan, Libiya ko Aljeriya: ana ɗora wa mace laifin shekaru, alhali watanni ne aka yi tare. Duk da haka lissafin ya kai a bincika, domin ƙa'ida ita ce wata 12 ana tare ba ciki, ga wadda ta haura 35 kuwa wata shida, ke kuma kina bakin wannan shekarar.

Binciken na mutum biyu ne. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Cewa ya haifi ɗiya shekara 8 da suka wuce ba shaida ba ce a kan yau, domin ciwon sanyi na jima'i, ciwon sukari, kumburin jijiyoyin maraina, ko shan ƙwayoyi irin su taramol duk suna iya raunana maniyyi daga baya. Awon maniyyi ba ya da zafi, ba ya da tsada kamar naki, sharaɗinsa kawai a ƙaurace wa juna kwana 2 zuwa 7 kafin a yi. Ke kuma, ban da ƙarin, za a so a ga ko hanyoyin nan biyu da ƙwai ke bi zuwa mahaifa a buɗe suke, ta hanyar hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa ta bakin mahaifa. Mata da yawa an cire musu fiborom sun zauna jiran ciki, ashe hanyoyin ne a toshe tun farko. Gara a sani kafin a yanka.

Abin da ke toshe hanyoyin kuwa shi ya dawo da mu kan sanyin da ƙawayenki suka ce. Kalmar nan ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama a ciki. Farin ruwa marar wari, marar ƙaiƙayi, mai yauƙi a tsakiyar wata, lafiya ce, ba ya son magani. Mai kauri kamar nonon da ya tsinke, da ƙaiƙayi mai tsanani, yawanci naman gwari ne da ake kira kandida, kuma abin da ke ciyar da shi har da kafson da kike sha, domin kafson kashe ƙwayoyin cuta yana kashe har da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin gaban mace, sai gwarin ya samu fili. Wannan ne dalilin da ya sa naki yake tafiya yana dawowa. Mai ruwa-ruwa, toka-toka, da ƙarni kamar na kifi, rikicewar waɗannan masu gadin ce, kuma wanke ciki da sabulu, matsi da zaman ruwan magani suna daga cikin abin da ke jawo ta. Mai launin rawaya ko kore da kumfa, ko mai haɗe da ciwon mara, zazzaɓi ko zafi lokacin saduwa, shi ne wanda ake ɗauka ta jima'i, kuma dole a yi wa mata da miji magani lokaci guda. Biyu daga cikin irinsa, gonoriya da kilamidiya, suna iya hawa sama shiru ba tare da wata alama ba su lalata hanyoyin ƙwai. Kowanne da maganinsa, kuma sau da yawa na wannan ba ya yi wa wancan. Ki daina kafso da matsi daga yau, ki riƙa wanke waje kawai da ruwa, ki sa kamfai na auduga, ki bari a ɗebi ruwan a duba. Idan kin taso kusa da tafki kina wanka a ciki, ko kin taɓa fitsarin jini a yarinta, ki faɗa wa likita, domin tsagiya ma tana taɓa gaban mace ta yi kama da sanyi.

Tun da za ki hau gadon awo, ki roƙa a duba miki bakin mahaifa gaba ɗaya. Ana shafa ruwan kal ne a duba da fitila, minti kaɗan, kuma ana son kowace mace ta fara yi daga shekara 30. Fiborom ba ya jawo sankarar bakin mahaifa, amma mai fiborom takan ɗora kowane jini a kansa, har da jinin da ke biyo bayan saduwa, wanda shi ne alamar da ba a so a yi sake da ita.

Batun salla, abin da na sani a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne haila ba ta wuce kwana 15. Macen da ta san kwanakinta, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta muddin jimlar ba ta haura 15 ba, abin da ya biyo baya kuma jinin ciwo ne, istihala, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Da yake naki ya shekara biyu yana sauyawa, ki rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa na wata uku, ki kai wa malamar islamiyyarku ta ƙirga miki a kan abin da ke rubuce. Wannan takardar dai ita likita ma zai so ya gani. Idan awo ya nuna jininki ya yi ƙasa sosai, ki tambayi likita da malamai game da azumi, domin marar lafiya yana da sauƙin da Allah ya ba shi.

Ƙarin aure ba a hannunki yake ba, ba kuma zan yi miki alƙawarin cewa aiki zai hana shi ba. Abin da nake tsoro shi ne fargabar kishiya ta tura ki ga mai jika 45, ko ta sa ki ɓoye wa maigidanki gaskiya. Daga wasiƙarki ban ga inda kika ce ya san sakamakon eko ba. Ki kira shi a lokacin da ya natsu, ba ta saƙon murya ba, ki gaya masa sunan ciwon, ki ce ba ciki ba ne, ba kuma daji ba ne, yana da magani, kuma likita yana son ganin ku tare idan ya zo. Kada ki fara da maganar awonsa a waya, ki bari likita ya faɗa da bakinsa, maza sun fi karɓarta daga can. Uwar mijinki kuwa, ki sa yayarki ko innarki ta je ta yi mata bayani cikin girmamawa, in ma da hali ki tafi da ita ranar eko ta ga allon da idonta. Tsofaffin da na ga an yi wa haka, sau da yawa su ne suka koma masu dafa wa surukarsu hanta.

Kafin duk wannan ya kammala, idan wata rana jini ya jiƙa auduga cikin ƙasa da awa guda har sau biyu ko uku a jere, ko kika ji jiri ya ɗebe ki, ko zuciya na bugawa kina zaune, ko mara ta murɗa da zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita, kada ki jira gari ya waye, kada kuma ki jira izini ya iso daga Abijan. Ki nemi wannan izinin tun yanzu, a wayar da za ki yi masa, ki kuma ajiye kuɗin mota da takardar eko a wuri guda inda ɗiyarki ma ta sani. Idan kin karɓo sakamakon awon jinin da na sabon eko, ki rubuto mini lambobin yadda suke a takarda.